Daga fatoma zuwa kod ɗin wifi

A hutun da ya wuce an kira mu wani taron ƙara wa juna sani a Tawa, mu malamai wajen talatin daga jihohi uku. Motarmu ta iso bayan la'asar, kowa ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Ina bayan layi ina kallon abokan aikina suna karɓar makullan ɗakuna, sai na lura duk wanda ya zo gaban yaron otel tambaya ɗaya yake yi: "Mene ne kod ɗin wifi?" Da yaron ya gaji da maimaitawa sai ya rubuta a jikin kwali ya jingina bisa tebur. Mutum ɗaya ne, wani dattijon darakta da ya kusa barin aiki, ya fara da tambayar alƙibla da inda buta take. Muka yi dariya, har da ni, alhali kod ɗin na riga na kwafe shi a tafin hannu.

Da na kwanta a daren nan na yi ta juya abin a raina, na ga tambayar tamu ba sabuwa ba ce. Tun fil azal baƙo ba shimfiɗa kaɗai yake nema a masauki ba. Yana son labarinsa ya kai gida, labarin gida kuma ya same shi. Abin da ya sauya shi ne wanda ke ɗauke da wannan nauyi, da kuma wanda za a kama in an ci amanar baƙon.

A zamanin fatauci, lokacin da ayarin jakuna da takarkarai ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro, ko azalai ke saukowa da gishirin Bilma, kowane babban gari yana da zangonsa. Unguwar Zango ta Damagaram har yau tana ɗauke da wannan suna. A zango akwai mai masauki, wanda ake ce wa fatoma. Shi ke ba falke ɗaki da wurin ɗaure dabbobi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta in harshe ya bambanta. Amma abin da ya fi waɗannan tsada shi ne labari: nawa goro yake a gaba, wace hanya ce mahara suka tare, wane sarki ya ƙara kuɗin fito, wane ayari ne zai koma garinku jibi da za a ba shi saƙo. Fatoma yana cin la'adarsa, ba don Allah kawai yake yi ba. Sai dai in ya haɗa ka da macuci, ko kayanka suka salwanta a gidansa, shi za a kai ƙara gaban sarkin zango ko alƙali, kuma sunansa ya ɓaci a bakin madugai daga nan har Salaga. Arzikinsa duka a kan amana yake zaune.

Saƙo kuwa tafiyar ƙafa yake yi. Ina ba ɗalibaina misali da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya sauka Agadas a 1850, ya biyo ta Tasawa a farkon 1851, ya kuma zo Damagaram a ƙarshen 1852. Wasiƙunsa sai sun jira ayarin da zai ƙetare sahara zuwa Tarabulus, su yi watanni a hanya. Da ya daɗe a yankin Tumbutu aka daina jin ɗuriyarsa, har aka baza labarin mutuwarsa a Turai, sai ga shi ya koma da ransa a 1855. Wanda gwamnatin Ingila ta aiko ke nan. To ina ga talakan falke da ya bar mata da ciki a Gobir?

Turawan mulkin mallaka sun zo da wayar tangarafu da gidan waya, suka kuma gina wa jami'ansu gidajen sauka a bariki. Wannan bai shafi kakanninmu sosai ba. Har zuwa ƙuruciyata, mutumin karkara in ya yi tafiya gidan ɗan garinsu yake sauka, ko ya kwana a tasha. Saƙo a hannun direba ake ba da shi, ko a kai sanarwa gidan rediyo, ko a ɗauki murya a kaset a aika wa tsohuwar da ba ta karatu. Otel na Turawa ne da manyan ma'aikata, kuma a wurin iyayenmu sunansa ma ba shi da daɗin ji.

Ina makarantar horon malamai a Damagaram lokacin da salula ta shigo, bayan da Celtel ya fara aiki a ƙasar nan a 2001. Kafin ta wadata, telesantar muke zuwa, a kira maƙwabcin da ke da tarho a ce ya kira mana Baba, a kashe, a jira minti goma a sake bugawa, idonka na kan mitar da ke cin kuɗinka. Intanet kuwa sai a sibar, ka biya kuɗin awa guda, rabinta ta ƙare wajen jiran shafi ya buɗe. A waɗannan shekaru ba wanda ya taɓa tunanin za a wayi gari ɗakin kwana ya zo da intanet kamar yadda yake zuwa da fanka.

Alhali a can waje an riga an yi nisa. Asalin abin yana komawa ga wata shawara da hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke a 1985, inda ta buɗe wasu zangunan igiyar rediyo ta ce kowa ya yi amfani da su ba sai da lasisi ba. Ba zanguna ne masu daraja ba. Ɗaya daga cikinsu, na gigahaz 2.4, shi ne wanda murhun lantarki mai ɗumama abinci ke aiki a kansa, gidajen rediyo da talabijin ba su da sha'awarsa. Kamar fegin bayan gari ne da ake zubar da shara, aka ce duk mai so ya noma. Injiniyoyin kamfanin NCR a ƙasar Holan suka shiga fegin a farkon shekarun 1990, kuma abin da suke so shi ne injinan karɓar kuɗi na manyan kantuna su yi magana da juna ba tare da an ja waya ba. A 1997 aka amince da ƙa'ida ta bai ɗaya mai lamba 802.11, mai gudun megabit 2 a sakan. A 1999 gudun ya kai 11, kamfanoni suka haɗu suka laƙaba wa abin suna Wi-Fi don ya yi daɗin faɗa a kasuwa, kuma a shekarar ce Apple ya fito da kwamfutar hannu mai kama shi. Daga nan filayen jiragen sama da otel-otel suka ɗauka, don matafiyan ƴan kasuwa su ne suka fara yawo da kwamfuta a jaka.

Abu biyu nake so a riƙe daga wannan tarihi. Na farko, fegin ba na kowa ba ne, don haka duk mai ƙaramin akwati zai iya kafa nasa rezo ya sa masa sunan da ya ga dama, ba mai tambayarsa takarda. Na biyu, an gina abin ne don sauƙi, tsaro daga baya ya biyo. Kwaɗon farko da aka sa masa, mai suna WEP, masana sun nuna yadda ake ɓalle shi tun 2001. Sai aka kawo WPA a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Kuma a otel, inda kod ɗin ke rubuce a kwali kowa na gani, ko kwaɗon ya yi ƙarfi makullin yana hannun duk wanda ya shigo shan lemo.

Masu otel da farko sun ɗauke shi saniyar tatsa. Abin mamaki, manyan otel masu tsada su ne suka fi daɗewa suna karɓar kuɗin wifi na kowace rana, ƙananan kuwa suka riƙa ba da shi kyauta don jawo baƙi. Har ta kai a 2014 hukumar sadarwar Amurka ta ci kamfanin Marriott tarar dalar Amurka 600,000, saboda wani otel da yake gudanarwa a birnin Nashbil yana toshe intanet ɗin da mahalarta taro suka zo da shi, don dole su sayi na otel ɗin da tsada. A wannan shekarar dai kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya tona asirin wasu ɓarayin bayanai da ya kira DarkHotel, waɗanda suka yi shekaru suna kwanton ɓauna a cikin wifin manyan otel na nahiyar Asiya. Babban baƙo ya shiga ɗaki ya haɗa, sai saƙo ya fito masa cewa ya sabunta wata manhaja. Yana dannawa ya buɗe musu ƙofa.

Mu a nan, a iya ganina, tarurruka ne suka shigo da wifi otel. Ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati ba su kama zauren da ba shi da intanet, sai masu otel na Maraɗi da Damagaram da Tawa suka bi sahun na Yamai. Taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019 ya zo da sababbin manyan otel a babban birni, irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, kuma a kusan lokacin ne 4G ta fara shiga wayoyinmu. Sai dai kalmar "wifi" da ake rubutawa a allon ƙofa ba abu ɗaya take nufi ko'ina ba. A wani otel zaren gilashi ne ya shigo har cikin gida. A wani kuwa ɗan akwati ne mai katin sim irin na wayarka, an ajiye shi a wurin karɓar baƙi, mutum talatin na sha daga rijiya guda. Shi ya sa da ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ya buɗe bidiyo, ko gaisuwa ba ta tafiya, kuma shi ya sa za ka ga malamai da rigar barci sun yi cincirindo a baranda, don bangon siminti yana cinye siginar kafin ta kai ɗaki na takwas. In wuta ta ɗauke akwatin ya mutu tare da ita, abin da muka sha sosai bayan da Najeriya ta yanke mana lantarki a Agustan 2023. Sannan ƙasarmu ba ta da teku: intanet ɗinmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai ga wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Da wasu daga cikinsu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma a Maris ɗin 2024, mun ji a jikinmu.

Ranar da na san darajar wifin otel ita ce a ƙarshen Fabrairun 2021, da aka yanke intanet ɗin wayoyin hannu na kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Ina Yamai a lokacin, ina da takardun da dole in aika. Na je wani otel na sayi lemon da bai kai dala ɗari a kanti ba a kan jikka guda, don kawai a ba ni kod. Na tarar da zauren cike: ɗalibai, ƴan kasuwa, wata hajiya da ke neman jin muryar ɗanta a ƙasar waje. Kowa ya zo masauki neman labari, kamar zangon da.

Kamar zangon da, amma ban da fatoma. Bara ɗan ƙanwata ya tafi Yamai rajistar jami'a, motarsu ta isa da tsakar dare, ya kama ɗaki a wani ƙaramin otel kusa da tasha. Ya ga rezo mai ɗauke da sunan otel ɗin, babu kod, ya shiga. Shafi ya fito ya ce ya sa sunansa da kalmar sirrinsa ta Facebook kafin a ba shi hanya. Ya sa. Bayan kwana biyu saƙonni suka fara isa ga dangi da sunansa da hotonsa, wai an sace masa jaka a aiko masa da kuɗi ta wata lamba. Gwaggonsa ta tura jikka ashirin, kuɗin adashenta, kafin wani ya yi dabarar kiransa ya ji muryarsa. Da ya koma otel ɗin aka ce masa wannan rezon ba nasu ba ne, nasu yana da kod, ga shi nan a bayan ƙofa. Gaskiya suka faɗa, kuma ba wanda za a kai ƙara.

Ba na cikin masu cewa wifin otel guba ne. Abubuwa sun gyaru ƙwarai: yawancin shafuka yanzu a rufe bayanansu ke tafiya, WhatsApp ma tun 2016 saƙonninsa ke kulle daga waya zuwa waya, don haka na ɗakin kusa da kai ba ya karanta hirarka da iyalinka. Ɓarawon yau ya bar leƙe ta taga, ya koma sa rigar mai gida ya tsaya a ƙofa yana cewa miƙo makullinka. Abin da nake gaya wa ƴan ajina da za su fita jarrabawa ko karatu ke nan: ka tambayi mai otel sunan rezonsa baki da baki, kada ka ba shafin shiga wifi kalmar sirrin wani asusunka, kada ka sabunta komai don wani saƙo ya ce ka yi, harkar kuɗi kuma ka yi ta da megan wayarka. Iyaye su ma da nasu: in saƙon neman kuɗi ya zo da sunan ɗanku, ku kira ku ji murya tukuna.

Yaron ya dawo hutu kwanan baya, na sake yi masa wannan karatu a tsakar gida. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kawu, ai yanzu ko a otel nake megana nake saye." Gwaggonsa da ke tankaɗe a gefe ta ce to madalla, sai ya fara tara mata jikka ashirin ɗinta.