Talaucin Muhalli da Ayyukan Jinƙai: Nazari daga Ƙasar Karaye da Rogo

Gabatarwa

A Yola da sauran garuruwan Karaye da Rogo, da wuya a ga wanda ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa. Abin da ya yi yawa shi ne ɗakin da ba shi da tabbas. Wannan nazari ya duba siffar matsalar, da dalilin da ya sa sadaka ba ta cika kai mata ba.

Siffar matsalar

Gidan talaka a wannan yanki na ƙasa ne, kuma ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin saukar damina. Tsoho ko gwauruwa mai marayu da suka kasa wannan hidima, ruwan Agusta kan cinye gindin katangarsu har ɗaki ya zube. A da, aikin gayya ke toshe wannan giɓi, zaure kuma ya ɗauki baƙo da almajiri. Yanzu matasan da za su kwaɓa ƙasa sun tafi ci-rani, kuma a birnin Kano wasunsu kan kwana a tasha da bakin shaguna. Ashe rushewar ɗaki a ƙauye da kwanan titi a birni tushensu ɗaya.

Annobar korona ta 2020 ta fito da matsalar fili. Da gwamnoni suka shiga mayar da almajirai jihohinsu, sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Karaye na cikin wuraren da Kano ta killace su. Masaukin 'yan kwanaki ne, bai zama gida ga kowa ba.

Inda sadaka ke zuwa

Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, masu hali kuma ba su daina bayarwa ba. Sai dai alherin ya fi karkata ga ciyarwar azumi, kayan sallah, rijiya da masallaci. Dalilin a fili yake: buhun hatsi kan ratsa gidaje da dama, kuɗin ɗaki ɗaya kuwa a gida ɗaya yake ƙarewa. Akwai waɗanda suka fita daban, kamar Gidauniyar Dangote da ta gina gidaje 200 a Maiduguri a 2018 domin matan da rikicin Boko Haram ya kashe wa maza. Amma irin wannan sai bayan babbar masifa ake ganinsa.

Darasi daga waje

Millard da Linda Fuller sun gwada wani tsari a Mbandaka ta ƙasar Zayar, kafin su kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a Amurka a 1976. Mai gida yana sa hannu a ginin, ya biya kuɗin kayan aiki kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba, abin da ya biya kuma a gina wa wani da shi. Finlan kuwa, tun 2008 ta ɗauki manufar fara ba mutum gida ba sharaɗi, sannan a tunkari sauran matsalolinsa, kuma yawan marasa muhalli ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya.

Kammalawa

Tsarin Habitat bai saɓa wa al'ada ko shari'a ba, domin gayya ce aka haɗa da rance marar ruwa. Abin da ya rage shi ne asusun da ba ya ƙarewa, kuma aikin wakafi ke nan. Idan aka tsayar da gona ko shago wakafi, dagaci da limami suka tantance mabukata tun da rani, kuɗin kwano da simintin gindin katanga zai fito kowace shekara. Gyara kafin damina ya fi tallafi bayan rushewa arha.