Birnin Kudu: Daga Gundumar Hakimi Zuwa Majalisar Kansiloli

A 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa mulkin karkara gyaran da har yau Najeriya ke tafiya a kansa. Aka daina barin kowace jiha ta yi yadda ta ga dama, aka ce ƙasa duka ta hau tsari ɗaya: ƙananan hukumomi 301, kowace da majalisarta da ma'aikatanta da kasonta daga asusun tarayya. Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa, na biyu a gwamnatin, shi ya gabatar da ƙa'idojin. Tsohuwar Jihar Kano ta sami guda 20, ɗayarsu kuwa ita ce Birnin Kudu, can kudu maso gabas inda ƙasar Kano ta yi iyaka da ta Bauci.

Garin ya girmi hukumarsa nesa ba kusa ba. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen zamanin dā suka yi, wanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950, har gwamnatin tarayya ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa. Amma mulkin da ƙaramar hukuma ta gada ba daga can ya taso ba, daga En'e ya taso, wato hukumar sarakuna ta zamanin Turawa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a zamanin Sarki Abbas, sun tilasta wa hakimai barin birni su koma zama a gundumominsu, aka kuma kafa baitulmali. Daga nan tsani ya miƙe: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Manomi yakan ga hukuma da idonsa sau ɗaya tabbas a shekara, lokacin haraji, Bafulatani kuma lokacin jangali. Malamin haraji ya rubuta, dagaci ya tara, hakimi ya aika Kano, sannan a can a yanke abin da zai dawo: albashin alƙali, ɗakin shan magani, elemantare, gyaran hanya. Gyaɗa ce ke biyan mafi yawan wannan kuɗi tun da jirgin ƙasa ya iso Kano. En'e tana da 'yan dokarta da kotunanta da gidan yarinta, talaka kuwa ba shi da wurin kai kuka sai gaban wanda yake kuka da shi. Wannan ne ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa a 1950 ya nemi a gyara tsarin, a shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ita ba gyara take nema ba, tumɓukewa take so.

Sojoji ne suka fara zare wa En'e haƙora. A ƙarshen shekarun 1960 'yan doka da kotuna da gidajen yari suka koma hannun gwamnati, Gwamna Audu Bako kuma ya karkasa jihar zuwa yankunan mulki don a rage dogaro da birni. Gyaran 1976 ya ƙarasa aikin. Sarakuna suka koma masu ba da shawara, hakimi ya zauna da rawaninsa da girmansa, amma kasafin kuɗi ya koma teburin kansiloli. A wancan tsari na farko sakatare, wanda ma'aikacin gwamnati ne, shi ke riƙe da ragamar ofis ta yau da kullum, ciyaman kuma daga cikin kansiloli yake fitowa. Waɗannan majalisu ba ƙaramin matsayi aka ba su ba, domin su ne suka zaɓi mafi yawan wakilan da suka je majalisar tsara kundin mulki a 1977.

Sai ga 1979. Jam'iyyar PRP ta ci Kano, Muhammadu Abubakar Rimi, wanda a makarantar sakandaren Birnin Kudu ya yi karatu, ya zama gwamna, wani matashi ɗan Bamaina mai suna Sule Lamiɗo kuma ya tafi Majalisar Wakilai a Legas. Ranar da Rimi ya karɓi mulki ya soke haraji da jangali. Duk wanda ya san wulaƙancin da ake yi wa magidanci a gaban iyalinsa saboda kuɗin haraji ba zai ga laifin wannan mataki ba, kuma talakawa sun yi murnar da ta dace. Sai dai abin ya bar baya da ƙura ta wani gefen da ba a cika magana a kai ba. Hukumar da aka haifa shekara uku kacal kafin nan ta rasa babbar hanyar kuɗinta ta cikin gida, ta koma zaman jiran abin da za a turo daga sama. Abin da ya rage mata shi ne rasit ɗin kasuwa da na tasha, da kuɗin rumfa, da lasin ƙananan sana'o'i, waɗanda in an haɗa su duka ba sa kusantar albashin ma'aikata. Hukumar da ba ta karɓar kuɗi daga hannun manomi ba ta cika jin tsoronsa ba, shi ma kuma ba ya cika tambayarta lissafi. A ganin mai wannan rubutu, nan ne tushen yawancin abin da ake kuka da shi yau.

Jamhuriya ta Biyu ta zo ta wuce ba tare da an sake zaɓen kansiloli ba. Gwamnoni suka yi ta naɗa kwamitocin riƙo. Janar Buhari ya zo ya rushe sabbin ƙananan hukumomin da 'yan siyasa suka ƙirƙiro, ya koma kan 301, ya ɗora kantomomi, ya kuma sa kwamitin Alhaji Ibrahim Dasuki ya duba tsarin a 1984. Zamanin Janar Babangida ne ƙaramar hukuma ta ɗan sha iska. An yi zaɓe ba jam'iyya a Disambar 1987, aka yi na jam'iyyun SDP da NRC a Disambar 1990, inda masu zaɓe suka yi layi a bayan ɗan takararsu aka ƙirga su a fili. Kason ƙananan hukumomi ya tashi daga kashi 10 cikin 100 zuwa 15, sannan 20 a 1992, aka kuma riƙa tura shi kai tsaye. A 1991 aka raba ciyaman da majalisa: shi ya zama mai zartarwa, kansiloli suka zama masu yin doka da shugabansu.

A 27 ga Agustan 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, Birnin Kudu ta wayi gari hedikwatar jiharta ta koma Dutse, hakiminta kuma ya koma ƙarƙashin Sarkin Dutse. Da aka yi zaɓen gwamna na farko, ɗan garin ne ya ci, lauya Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP, wanda ya yi mulki daga Janairun 1992 har Janar Abaca ya rushe komai a Nuwambar 1993. Lamiɗo ya zo ya yi nasa daga 2007 zuwa 2015. Gwamna biyu daga ƙaramar hukuma ɗaya ba abin rainawa ba ne, kuma shi ya sa zaɓen kansila a nan yakan yi zafin da ya fi ƙarfin kujerar.

Ƙasar hukumar kuwa raguwa ta yi ta yi. Gwaram ta fita ta zama mai cin gashin kanta, sannan a 1996, lokacin da adadin ƙananan hukumomin ƙasa ya kai 774, aka cire Buji mai hedikwata a Gantsa. Duk da haka ƙidayar 2006 ta nuna sama da mutum 300,000 a abin da ya rage, adadin da ya fi na kowace cikin 27 ɗin Jigawa, har da Dutse. Mazaɓu 11 ke aika kansiloli, irin su Kangire da Kantoga da Kiyako da Sundimina da Wurno da Yalwan Damai. Mafi yawan mutanensu manoma ne da makiyaya, masu gero da dawa da gyaɗa da riɗi, da shinkafa a fadamu. Bukatunsu ba ɓoyayyu ba ne: famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace, kwalbatin da ruwa ya cinye, taki kafin damina ta yi nisa, sulhu idan shanu sun shiga gona.

A takarda, kundin tsarin mulki na 1999 ya ba majalisar aiki mai yawa: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, hanyoyin ƙauye, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Amma wannan kundin ne dai, a sashe na 162, ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, aka ba kura ajiyar nama. Baƙon da ya zaga garin zai lura manyan cibiyoyin da ake alfahari da su ba na ƙaramar hukuma ba ne. Babban asibitin na gwamnatin tarayya ne, makarantar koyon aikin jinya ta jiha ce, haka ma kwalejin da Aliko Ɗangote ya yi karatu. Ko ƙananan asibitocin ƙauye, tsarin kiwon lafiya na Gunduma da Jigawa ta kawo a 2007 ya tattara kula da su ƙarƙashin hukumar jiha.

A 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu, wanda yanzu kashi 20.6 ne, kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomi. Ciyamomi da ma'aikatan sakatariya sun yi maraba. Malaman firamare kuwa ba su yi saurin tafi ba. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta daɗe tana cewa kada a mayar da albashinsu hannun ciyamomi, domin an gwada hakan a 1991, malamai a sassa da dama suka yi watanni ba albashi, sai da gwamnatin tarayya ta dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993.