Mai Riƙe da Bulala Ba Ya Jin Sirrin Ɗalibi: Martani Kan Ba da Shawara a Makarantun Sakandare

Tarihin aikin ba da shawara a makarantun Nijeriya sananne ne ga masu nazarin ilimi, tun daga somawarsa a kwalejin St. Theresa ta Ibadan a 1959 har zuwa shigarsa Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ra'ayin wani abokin aikina, wanda na lura yana samun karɓuwa wajen shugabannin makarantu a Arewa. A cewarsa, ware ma'aikaci don sauraron damuwar ɗalibai almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa, tunda malamin aji da malamin addini da malamin ladabtarwa sun wadatar.

Hujjarsa ta kuɗi tana da nauyi. Makarantar da ba ta da malamin lissafi, da wuya a ce mata ta fara neman mai ba da shawara. Hujjarsa ta al'ada ce nake ganin ba ta tsaya da ƙafafunta ba, domin tarbiyyar Bahaushe da yake kafa hujja da ita ta daɗe da raba mai tsawatarwa da mai saurare. Uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya. Yarinyar da ta ga al'adarta ta farko ba mahaifinta take dosa ba, ɗakin kaka ko na gwaggo take shiga, inda ake wasa da ita, inda kuma ba a ajiye bulala. Saurayin da ya yi ɓarna, kawu yake nema ya shige masa gaba. In gida ya san da haka, me zai sa makaranta ta zaci ɗalibi zai faɗa wa malamin da ya sa shi tsallen kwaɗo da safe cewa ya fara shan maganin tari mai kodin?

A duba abin da kan faru a makarantun kwana na 'yan mata. Ana cikin karatun dare sai wata ta kurma ihu ta faɗi tana shure-shure, kafin a ankara biyu ko uku sun bi ta. A ce aljanu ne, a kira malam ya yi ruƙiyya, gari na wayewa a kira iyaye su tafi da ita. Ban zo musun ruƙiyya ba. Tambayata ita ce, bayan ta farfaɗo, wa ya zauna da ita ya ji ko aure aka ce za a yi mata a hutu, ko daga ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa ta fito? Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a 2020 da na Jangebe a 2021, akwai ɗaliban da ƙarar babur da dare kaɗai kan hana su barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma babu dalilin zaton yaranmu sun kuɓuta.

Abokin nawa zai ce to a horar da malaman da ke akwai. An gwada wannan. Wani mai bincike, Shinde, da abokan aikinsa sun yi gwaji a makarantun sakandare fiye da 70 a gundumar Nalanda ta jihar Bihar a Indiya, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2018. Shiri iri ɗaya aka ba wasu makarantu ta hannun malaminsu, wasu kuma ta hannun mai ba da shawara da aka ɗauko daga waje. Inda na wajen ya yi aiki, alamun ciwon damuwa da cin zalin juna sun ragu. Inda malami ya riƙe shirin, ba a ga bambanci da makarantun da ba a yi shirin ba.

A nan dole in rage faɗin da'awata. Bihar ba Zamfara ba ce, kuma binciken bai tantance ko tsoron malami ne ya kawo cikas ko yawan aikin da ke kansa ba, ko da yake na fi karkata ga cewa duka biyun ne. Haka kuma bai goyi bayan masu cewa sai ƙwararren likita ba, domin waɗancan masu ba da shawara mutanen yankin ne da aka horar. Iyakar abin da hujjar ta ba ni shi ne: aikin yana buƙatar mutumin da ba shi da wani aiki sai shi. Kasancewar ba lallai sai ƙwararre ba kuma ya rage wa hujjar kuɗi ƙarfi.

Saura fargabar iyaye, cewa baƙo zai san cikin 'ya'yansu. Maganinta a ɗauki wanda gari ya yarda da shi, mace ga 'yan mata, a kuma sanar da kowa cewa riƙon sirri yana ƙarewa inda rai ke cikin haɗari. Malamin addini ma yana da gurbi. Gwajin Gureje da abokan aikinsa a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda masu maganin gargajiya da na addu'a suka haɗa hannu da ma'aikatan lafiya. Abin da ya fi ƙarfin makaranta kuwa, a miƙa shi asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri, kafin iyaye su kai yaro gidan mari.

Kirana ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu shi ne, duk wanda aka naɗa mai ba da shawara a cire shi daga jadawalin koyarwa da kwamitin ladabtarwa, a ba shi ɗakin da ɗalibi zai shiga ba sai ya ratsa ofishin malamai ba.