Jinkirin Tururi: Me Ya Sa Jadawali Kaɗai Ba Ya Isar Injiniya

Ɗalibin injiniyanci yakan fara sanin tururi ne ta jadawali. A ba shi matsi, ya duba layi, ya faɗi ma'aunin zafin da tururi zai fara komawa ruwa. Jadawalin bai yi ƙarya ba, amma an gina shi a kan sharaɗin da ba a cika ambata ba, wato cewa tururin yana da isasshen lokaci. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, a inda iska ke gudu kusa da gudun sauti ko fiye, lokaci ne ke yanke hukunci, kuma duk lissafin da ya manta da shi zai kauce.

Mu fara da sanyi. Iskar da ke tsaye a digiri 20, idan aka tura ta cikin bututu mai maƙogwaro irin wanda Gustaf de Laval na Suwidin ya ƙirƙiro, takan sauka zuwa kusan digiri 29 ƙasa da sifiri lokacin da ta kai gudun sauti. Idan ta ninka gudun sauti, sai ta kai wajen 110 ƙasa da sifiri. A ƙaramin bututu duk wannan yana faruwa ne cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na sakan. A ƙa'idar jadawali, da tuni danshin da ke cikinta ya zama hazo. Amma sai ya wuce iyakar yana nan a tururinsa.

Dalilin yana cikin ƙanƙantar ɗigon farko. Kafin a samu ɗigo, dole wasu ƙwayoyin ruwa su ci karo su manne, kuma ƙaramin gungu kusan dukkansa fata ne, yana tarwatsewa kafin ya girma. Sai gungun ya kai wani girma, na ƙwayoyi 'yan gomomi, sannan girma ke fi masa sauƙi a kan watsewa. Yadda tururi ya ƙara wuce iyakarsa, haka wannan girman da ake bukata ke raguwa. C. T. R. Wilson ya nuna haka a Kambirij a 1897: iskar da aka tace daga ƙura ba ta yi hazo mai kauri ba sai da danshinta ya kai kusan ninki takwas na abin da ya kamata ta riƙe. Shi ya sa har yau masu injin tururi ke kiran wurin da hazo ke ɓarkewa da layin Wilson. Ga kuma abin lura: a bututu mai saurin gaske ƙura ba ta taimaka wani abin kirki, domin gungun da tururi ke haifa da kansa sun fi ƙwayoyin ƙurar yawa nesa ba kusa ba.

Idan abin ya tashi, a lokaci guda yake tashi, kamar madatsar da ta ɓalle. Ɗigo marasa adadi, kowanne bai kai maikromita ɗaya ba, su bayyana a ɗan taƙi kaɗan, su saki ɓoyayyen zafin da ke cikin tururi. Iskar da ta fi sauti gudu kuwa, idan aka ƙara mata zafi, rage gudu take yi, matsinta ya hau. A taron Volta da aka yi a birnin Rum a 1935, Ludwig Prandtl ya nuna hotunan wasu layuka masu siffar X a cikin bututun gwaji, waɗanda ba a san asalinsu ba. Daga baya Rudolf Hermann ya tabbatar da cewa danshin iska ne ke jawo su, sannan Klaus Oswatitsch ya haɗa lissafin haihuwar ɗigo da na gudun iska a 1942. Tun daga nan busar da iska ya zama wajibi a wuraren gwajin jirage.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara. Ƙa'idar da ake dogaro da ita wajen lissafin haihuwar ɗigo, wadda Volmer da Weber suka aza harsashinta a 1926, Becker da Döring suka inganta a 1935, tana ɗaukar gungun ƙwayoyi ashirin ko hamsin tamkar cikakken ɗigo mai fata irin ta ruwan kwano. Wannan zato ne mai rauni, kuma gwaje-gwaje sun sha nuna cewa adadin ɗigon da take hasashe yakan saɓa da wanda aka auna da ninki mai yawa. To don me za a ɗora wa ɗalibi ita? Amsata ita ce, saurin haihuwar ɗigo yana hawa da tsananin gaske, ta yadda ƙarin sanyi na 'yan digiri kan ninka shi sau dubbai. Saboda haka babban kuskure a adadi yakan zama ɗan kuskure a wurin da hazo zai fara. Ƙa'idar ta iya faɗin wuri, a girman ɗigo ne take ɗingishi. Jadawali kuwa ko wurin ma bai sani ba.

Girman ɗigon nan ba ƙaramin batu ba ne, domin a kansa kuɗi ke zuba. A matakan ƙarshe na injin tarbain mai aiki da tururi, irin na tashar Egbin a Legas, tururi yakan jiƙe. Tsohuwar ƙa'idar Baumann ta ce duk kashi ɗaya cikin ɗari na jiƙa yana cinye kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ingancin matakin. Ƙananan ɗigo suna bin tururi su wuce, amma wasu kan sauka a kan fukafukan da ke tsaye, su taru, su kakkaɓe a matsayin manyan ɗigo masu nawa, sai fukafukan da ke juyawa su riƙa dukansu har bakinsu ya zaizaye. Aikin da George Gyarmathy ya yi a Zurik a 1962 shi ya fayyace waɗannan asarori ɗaya bayan ɗaya. A wani ɓangaren kuma masana'antar gas ta mai da matsalar amfani: akwai na'urori irin su Twister da ke hanzarta gas da gangan, ruwa da mai su zama ɗigo, a juya su a ware.

Farin hazo mai siffar mazurari da ake gani kewaye da jirgin yaƙi ma daga wannan gida yake, ko da yake jama'a na ɗauka alama ce ta keta gudun sauti. Jirgin yana iya yin sa bai kai gudun sauti ba, in dai iskar da ke kewaye jikinsa ta kai, kuma akwai danshi.

Don haka ya kamata sassan injiniyanci a jami'o'inmu su riƙa koyar da layin Wilson a darasi ɗaya da jadawalin tururi, kada a bar shi sai matakin digiri na biyu. Wanda zai kula da tarbain ko matatar gas yana bukatarsa tun ranar da ya kama aiki.