Bagauda 1988: Darasin da ke Ƙarƙashin Ƙasa

Makalar wannan mako ta tarihi ce, kuma ta shafi ruwan da muke noman rani da shi.

Wanda ya tashi daga Kudan ko Makarfi ya bi hanyar Kano, da ya wuce Kwanar Ɗangora ya shiga yankin da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsun ruwanta na farko. Bagauda ce aka kammala a 1970, sai Tiga a kan kogin Kano a 1974. Dukkansu da ƙasa aka yi su, ba da kankare ba. Ana jibge laka a tsakiya don ta tare ruwa, a rufe ta da jar ƙasa da tsakuwa, a daddaɓe hawa-hawa, sannan a jera duwatsu a fuskar da ruwa ke duka.

A watan Agustan 1988, cikin mamakon ruwan sama, Bagauda ta ɓalle tana da shekara 18 kacal. An yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Wannan ya sa hankali ya koma kan Tiga, wadda ta ninka Bagauda girma sau da yawa. A 1992 aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga da mita 3.5 don a sauƙaƙa wa bangon nauyi. An haƙura da wani kaso na ruwan noman rani domin a tsare garuruwan da ke ƙasa da ita.

Me ake dubawa a tsohuwar madatsa? Masana sun san cewa babu madatsar ƙasa da ba ta tsattsafo. Abin tambaya shi ne irin ruwan da ke fitowa ta bayan bango. Idan garau yake kuma yawansa bai canza ba, da sauƙi. Idan ya fito da launin ƙasa, to yana kwasar cikin bangon ne kaɗan-kaɗan, har ya yi wa kansa hanya kamar bututu. Ramin gara, da saiwar bishiyar da ta ruɓe, da tsagewar laka a lokacin rani, duk ƙofofi ne gare shi.

Shi ya sa bincike ke farawa da tafiya a ƙasa, ana neman tsaga, da wurin da ya lotsa, da inda ciyawa ta yi kore shar cikin watan Maris. Daga nan a haƙa ramuka masu zurfi a ɗebo ƙasa daga cikin bangon da kuma ƙarƙashinsa, a kai ɗakin gwaji a auna yadda take riƙe ruwa da yadda take jure nauyi. Ana kuma binne siraran bututai da ke nuna inda ruwa ya kai a cikin bangon. Tushen wannan ilimi littafin da Karl Terzaghi ya wallafa a 1925 ne, wanda ya bayyana yadda matsin ruwa ke rage wa ƙasa ƙarfi.

Gindin madatsa ya fi komai ɓoye aibi. A ranar 5 ga Yunin 1976 madatsar Teton ta jihar Idaho a Amurka ta rushe tun ana cika ta karon farko, mutum 11 suka mutu. Bincike ya nuna dutsen da aka ɗora ta a kai cike yake da tsaga, ruwa ya bi ta nan ya cinye ƙasar bangon. A gida kuma, Alau da aka kammala a 1986 ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri.

Ina ruwan marubuci da wannan? Mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan, raken da tumatirin da muke alfahari da su a bakin ruwa suke, kuma ƙananan madatsun yankinmu ma tsufa suke yi. Al'adarmu ita ce mu zuba waƙoƙin alhini bayan ambaliya ta wuce. Rigakafi kuwa ya fi magani. Kowannenmu zai iya zuwa madatsar da ke kusa da shi, ya tambayi dattawa shekarar da aka gina ta, da inda aka ɗebo ƙasarta, da abin da ke wurin kafin a tare ruwan: fadama ce ko yashin rafi? Ya tambayi masunta da masu lambu ko akwai inda ruwa ke ɓuɓɓugowa ta baya, da ranar ƙarshe da suka ga ma'aikata sun zo awo. Ya rubuta da suna da kwanan wata. Injiniyan da zai zo bincike wata rana zai buƙaci irin wannan bayani, domin takardun ginin tsofaffin madatsu kan ɓace, waɗanda suka ga aikin da idonsu kuma suna ƙarewa.

Wanda ya samo tarihin madatsar garinsu ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, mu karanta tare a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.