Lambar Shaida da Bayanan Jikin Kwalin Magani: Sauye-sauyen Doka

An kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, bisa Dokar Soja mai lamba 15 ta shekarar 1993. Haramun ne a ƙera magani, ko a shigo da shi, ko a sayar da shi a Nijeriya sai hukumar ta yi masa rajista ta ba shi lamba. Lambobin magunguna kan fara da 04 ko A4 ko B4, kuma ana sabunta rajistar duk bayan shekara 5.

Abin da kwali zai ƙunsa

Ƙa'idojin 2005, waɗanda aka sabunta a 2021, sun wajabta a rubuta sunan magani, da sinadarin da ke ciki da ƙarfinsa, da lambar rukunin da aka sarrafa tare, da ranar yi, da ranar ƙarewar aiki, da suna da adireshin kamfani. Dole bayanin ya zo da Turanci, ko da an ƙara wani harshe. Wannan ya shafi jama'ar Gagarawa, Gumel da Sule Tankarkar masu cin kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Nijar: kwalin da aka rubuta da Faransanci kaɗai bai cika ƙa'ida ba.

Dalilin sauyi

Masu jabun magani sun iya buga lambar bogi a kwali, saboda haka lamba ita kaɗai ta daina wadatarwa. A 2010 hukumar ta ɓullo da tsarin tantancewa ta waya: mai saye zai kankare wani gurbi a jikin kwali, ya aika lambar da ta bayyana ta saƙon tes, nan take a sanar da shi ko maganin sahihi ne. Daga baya aka wajabta tsarin ga magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu masu kashe ƙwayoyin cuta.

A 2019 aka ƙaddamar da shirin bin sawun magani bisa ma'aunin GS1. Wani ɗan tambari mai kusurwa huɗu kan ɗauki lambar magani, da rukuninsa, da ranar ƙarewarsa, da lambar da ta keɓanta ga kwalin, domin a bi shi daga masana'anta har zuwa asibiti.

Jan hankali

Ana kira ga jama'a da masu shagunan magani da su duba waɗannan alamomi kafin biyan kuɗi, su kuma binciki lambar a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook. Duk maganin da aka yi shakkarsa, kada a sha. A kai rahoto ofishin hukumar da ke Dutse.