Sufana da Alƙalami: Daga Makarantar Ɗan Hausa zuwa Tashar Akurba

A watan Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 a Akurba, gefen garin Lafiya. Mutanen gari sun yi murna, domin sun daɗe suna fama da raunanniyar wutar da ake janyo musu daga Akwanga. Mai wucewa taransifomomi da turakun ƙarfe kawai zai hango, amma aikin irin wannan tasha a rubuce yake tafiya. Kafin ma'aikaci ya taɓa layi sai an kashe shi, an raba shi da sauran, an haɗa shi da ƙasa, sannan a miƙa masa takardar izini mai sa hannu. Ba kuma za a mayar da wuta ba sai ya dawo da takardar. Wanda ya kwana a bakin aiki yana rubuta duk abin da ya faru da lokacin faruwarsa, wanda ya karɓe shi da safe ya karanta ya ɗora. Jimla ɗaya mai harshen damo tana iya cin ran mutum. Saboda haka nake ganin karatu da rubutu da aiki cikin ƙungiya ba kari ba ne a kan sana'ar injiniya ko mai gyara. Suna cikin jikin sana'ar, kuma tarihin iliminmu ne ya raba su da ita.

A ƙasar Hausa ta dā, yaron maƙera da zuga yake farawa. Yana zaune bayan zugazugi yana kallon launin ƙarfe a wuta, yana jin yadda maigida da manyan yaransa ke shawara a kan garmar da ta ƙi miƙewa. Haka marina da dukawa da magina. Warware matsala da haɗa hannu duk a nan ake koyonsu, da ido da kunne, rubutu kuwa yana can makarantar allo da zauren malam. Da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, ya haɗa da sashen koyon sana'o'in hannu, amma ajin masu koyon sana'a daban da na 'ya'yan sarakuna da na malamai. Gwamnatin Turawa da En'e akawu suke nema da malaman haraji da malaman makaranta, Kwalejin Katsina ma da aka buɗe a 1922 don horar da malamai aka yi ta. Sai daraja da albashi suka bi alƙalami, aka bar wa wanda ake ganin boko ya gagare shi guduma da zarto. Makarantar fasaha ta Kaduna, wadda ta fara a 1956 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, ta tarar da wannan ra'ayi ya riga ya yi saiwa.

Gyaran da ya fi muhimmanci ya zo ne bayan yaƙin basasa, lokacin da masana'antu ke ƙorafin cewa masu digiri da difloma suna zuwa musu da takarda ba tare da sanin aiki ba. An kafa asusun horar da ma'aikata, ITF, a 1971, shi kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗalibi wata huɗu ko shida ya yi aiki a ma'aikata. A 1977 aka kafa hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, manhajarta kuma ta wajabta darussan harshe da rubuta rahoto a kan ɗaliban fasaha. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shirin SIWES shi ne ɗan littafin da ake ba ɗalibi. Kullum zai rubuta aikin da ya yi, ya zana na'urar da ya gani, mai kula da shi ya duba ya sa hannu, a ƙarshe ya haɗa rahoto ya tsaya gaban malamai ya kare shi. A wannan littafi ne zugar maƙera da allon malam suka haɗu a hannun mutum ɗaya. Lafiya ta gaji tsarin bayan ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, ta samu kwalejin fasaha ta jiha, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Sarki Isa Mustapha Agwai, da jami'ar tarayya a 2011.

Wani zai ce makaniken bakin titi bai taɓa rubuta rahoto ba, amma da jin ƙarar inji zai gaya maka inda ciwon yake. Gaskiya ne, kuma babu kwalejin da ke bayar da irin wannan kunne. Sai dai iliminsa yana aiki ne a inda shi ke tsaye, a kan mota ɗaya, da yaran da ke jin muryarsa. Tashar Akurba a haɗe take da layin ƙasa baki ɗaya, wanda cibiyar kula da shi da ke Osogbo ke juyawa, kuma masu aiki a kanta ba sa ganin juna. Matsalar da ta ɓullo da dare wataƙila injiniyan da ke wani gari ne zai warware ta, abin da zai dogara da shi kuwa shi ne abin da aka rubuta masa. Ko makaniken ma yau, in motar zamani ta shigo garejinsa, sai an jona mata kwamfuta an karanta abin da ta nuna.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa darussan sun zama al'ada kawai: ɗalibi ya cike littafin wata huɗu a dare biyu, aikin rukuni mutum ɗaya ya yi, tara su biya kuɗin bugawa, darasin Turanci kuma ya ƙare a haddar nahawu a ɗaki mai cunkoso. Wannan yana faruwa, amma tushensa tsohon rabon nan ne, domin har yanzu malamin harshe yana sashensa, malamin aikin hannu yana nasa. In aka ba ɗalibai biyar janareton da ya ƙi tashi, aka ce su karanta littafin kamfanin da ya ƙera shi, su yi gardama a kan dalili, da Hausa ko Eggon ko Alago in sun so, su gyara, sannan su rubuta shafi ɗaya wanda wani rukuni zai bi ya maimaita gyaran ba tare da tambayarsu ba, kwafa ba za ta yi amfani ba. Malaman biyu su zauna tare su ba da maki, kuma rukunin da ya karɓi shafin shi zai faɗi ko ya fahimtu.